Bangon Kicin ɗin Inna

Warin fenti ya riga mai fentin shigowa cikin gida. Yana zaure yana ɓamɓare murfin bokiti da bakin wuƙa, ni kuma ina tsakar gida ina shanya, sai na ji wani wari mai sanyi da kaifi, irin na asibiti, ya ratso ta cikin ƙamshin man gyaɗa da gidanmu ya saba da shi tun kafin a haife ni. Na tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu na shaƙa. Ba zan ɓoye ba, ya yi mini daɗi. A lokacin na ɗauka haka sabuwar rayuwa take ƙamshi.

Wata biyar ke nan da rasuwar Baba. Inna ta fita takaba, aka zauna maganar gado, aka ga gidanmu na Gusau ba ya rabuwa: ɗaki huɗu, zaure, rijiya, bishiyar darbejiya, da kicin na ƙasa da ya jingina da katangar bakin titi. Mu huɗu ne 'ya'ya. Yayyena mata biyu suna gidajen mazansu, Yaya, babban wanmu, yana Tsafe yana sayen hatsi, yana da iyali da buƙatu, ni ce auta, na gama kwaleji ina zaman jiran aiki. Aka yanke a sayar a raba, Inna ta koma Tsafe wurin Yaya, ya ce zai ware mata ɗaki. Da aka tambaye ta, ta ce duk abin da aka yanke daidai ne. Ba ta ɗaga kai daga gyaɗar da take ɓarewa ba.

A gidan nan aka kawo ta amarya daga Bungudu. Shekara talatin da wani abu tana soya ƙuli-ƙuli tana matse mai a kicin ɗin nan, da shi ta saya mana littattafai a shekarun da kasuwar Baba ta karye. Bangon ya yi baƙi ƙirin, amma ba baƙin datti ba, baƙi ne mai sheƙi, in hasken safiya ya faɗo ta 'yar tagar sama sai ka ga kamar an goge shi da hannu. Kunkunniya tana rataye a jikin azara kamar gemu. Akwai alkuki biyu a bango, ɗaya na ashana da kanwa, ɗaya na fitila. Duwatsun murhun guda uku mahaifiyarta ce ta tsinto mata su a bakin gulbin Bungudu, aka sa su cikin kayan aure, mutane suna dariya wai an kawo amarya da duwatsu. A bakin ƙofar kicin ɗin na koyi karatu, ina zaune a kan turmi kife, hayaƙi yana sa ni hawaye, Inna tana cewa in karanta da ƙarfi ta ji ko da ba ta gane Turancin ba.

Dillalin da Yaya ya kawo ɗan gajeren mutum ne mai yawan murmushi, yana yawo da makullin babur yana ƙwanƙwasa bango da shi kamar mai zaɓen kankana. Ya duba ɗakuna ya ce babu laifi. Ya leƙa rijiya ya ce madalla. Da ya sa kai cikin kicin sai ya ja da baya yana tari.

"Subhanallahi! Hajiya, nan anka dahwa ma duk mutanen Gusau abinci?"

Inna ta yi dariya kaɗan. "Da na Magami, Malam, ranar kasuwa."

Ya juya wurin Yaya ya rage murya, amma duk muna ji. Ya ce masu sayen gida yanzu ba su kaɗai suke zuwa ba, da idon matansu suke zuwa a cikin waya. Mutum zai ɗauki hoton ko'ina ya tura gida, kuma mace kicin take fara dubawa. In ta ga wannan ramin gawayi, magana ta mutu. "Ku hwaranta shi, Alhaji. Abu kaɗan za ku kashe, ku ga yadda kuɗin gida za su ɗaga. Amma kar a nuna ma kowa sai an gama."

Yaya ya amince nan take. Ya ce ba wanda zai taka gidan nan da sunan saye sai kicin ya yi fari. Na saci kallon Inna, ina jiran ta ce a bar mata kicin ɗinta yadda yake. Sai na ji ta ce, "Awo, a gyara. Kar a nuna ma baƙi ƙazantata. A yi shi a hankali, shi yi kyau."

Na yi mamaki, kuma na ji daɗi. Ban tsaya na tambayi kaina komai ba.

Da yake Yaya yana Tsafe, aikin ya faɗo a kaina, ni kuwa na karɓe shi hannu biyu. Wayata cike take da hotunan kicin na mutanen da ban sani ba, fari fat, da kanta da tukwane a jere, da 'yar fure a taga. Na san ba mu da kuɗin wannan. Abin da Yaya ya bayar bai wuce na bokitin fenti biyu da ladan mai shafawa ba. Amma ina ganin in na zaɓi launin da ya dace, in na sa aka share azara, aka kafa katako ɗaya a bango, wani abu daga cikin hotunan nan zai sauko gidanmu. Na zaɓi fari mai ɗan ruwan madara. Na yi kwana biyu ina tunanin wannan launi kamar zan ɗinka shi in sa.

Ni ce kuma na kafa dokar. Na ce daga ranar da aka shafa fenti ba za a ƙara hura wuta a ciki ba, har a sayar. Inna ta ce to. Da kanta ta mirgino duwatsun nan uku ɗaya bayan ɗaya zuwa gindin darbejiya, ba ta yarda na taya ta ba. Ƙarƙashin inda suka zauna shekara talatin ƙasar ta yi ja kamar tukunya.

Mai fentin ya share kunkunniya da tsintsiya, ya shafa, ya bushe, ya sake shafawa. Da la'asar kicin ya zama wani wuri daban. Na tsaya a tsakiyarsa ina juyawa, na ɗauki hoto na tura wa Yaya, ya amsa da cewa Auta ta iya aiki. Kwana huɗu bangon yana fari. A rana ta biyar da safe na shiga na ga wani ɗan tabo ruwan goro a saman inda murhu yake. Kafin mako ya cika tabon ya haihu. Rawaya-rawaya, ƙasa-ƙasa, ya bazu daga kusurwa zuwa kusurwa, wani wuri kamar taswirar da muke zanawa a makaranta, wani wuri kamar sawun hannu. In ka taɓa sai yatsanka ya yi maiƙo. Ƙamshin gyaɗa ya dawo, ya haɗu da warin fenti, suka zama wani abu mai tayar da zuciya.

Na kusa kuka. Inna ta zo ta tsaya a bayana, ta daɗe tana kallo.

"Bai sha iska ba ne," ta ce. "A bar shi mako biyu shi bushe sosai, sannan a ƙara."

Muka bar shi mako biyu. Kuɗin Yaya sun ƙare, ni kuma ina jin nauyin kiransa. Inna ta ce akwai awakinta biyu a Bungudu, wurin wata Bafulatana ƙawarta tun ƙuruciya da take yi mata kiwo, a je a sayar da ɗaya. Muka shiga mota muka je tare. Na ƙagu mu gama mu dawo, ita kuwa ta zauna a kan tabarma ta sha fura, ta tambayi lafiyar kowace saniya, ta ce rana ta yi, mu kwana. Muka kwana biyu. Ƙawar tata ta riƙe igiyar akuyar tana cewa, "Ke yanzu don bango za ki sai da mai ciki?" Inna ta ce bangon ma ya yi mata aiki, yana da hakki.

Shafi na biyu ya yi kwana shida. Har na fara cewa an yi nasara. Sai tabon ya dawo a daidai inda ya fara, kamar ya san hanya.

Daga nan abubuwa suka riƙa ja. Mai fentin ya ce zai zo Alhamis, Inna ta ce a bari sai bayan Juma'a. Bayan Juma'a ta ce ana suna a maƙwabta, ba kyau a ga namiji yana kai da kawowa a tsakar gida mata suna wucewa. Sai hadari ya fara haɗuwa, ruwan farko ya sauka, ta ce fenti ba ya kama bango mai sanyi, a jira rana ta buɗe. Duk abin da ta faɗa yana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa ban iya musu ba, sai dai in shiga ɗaki in yi tsaki a hankali. Ina ganin tsufa ne, da halin mutanen da, waɗanda ba su san lokaci yana da tsada ba.

Ita kuwa tana gindin darbejiya tana fama. Itace ya jiƙe, iska tana kwashe wutar, sau biyu ruwa ya sauko tana tsakiyar tuya muka kwashe kasko da gudu. Ƙulin da take yi ya ragu da rabi, matan da suke sara wurinta suka fara komawa wani gida. Duk da haka ban taɓa ganinta da sakin fuska kamar a watannin nan ba. Bayan sallar asuba takan zagaya gidan da tsintsiya, ta share har inda ba ya buƙatar shara. Ta shuka kuɓewa da yakuwa a bayan rijiya. Na ce, "Inna, wa zai ci? Kafin su yi 'ya'ya mun tashi." Ta ce ƙasa ba ta son zama banza. Da yamma takan zauna a ƙofar ɗakin Baba tana tsince gyaɗa, tana yi wa tantabarun maƙwabta magana.

Akuya ta biyu ta tafi a shafi na uku. Wannan karon mai fentin ya kawo mai kauri, ya rantse in tabon ya fito a canza masa suna. Ya fito. Mai fentin bai ƙara ɗaga wayata ba.

Yaya ya kira ni da zafi. Ya ce wata uku ana shafa wa bango ɗaya fenti, kaka tana matsowa, yana son jari a hannu kafin sabon hatsi ya shigo kasuwa, yayyena mata suna tambayarsa ko ya cinye gidan ne. "Ke da kinka yi boko, bango guda ya gagare ki?" Maganar ta zauna mini a ƙirji. Na kwana biyu ina bincike a waya, ina karanta abin da masu gini suka rubuta, har na gane abin da ya kamata in gane tun farko: mai da hayaƙi sun shige cikin yaɓen, fentin ruwa ba ya rufe su, ko sau goma aka shafa za su biyo shi su fito. Sai an kankare tsohon yaɓen duka har a kai ga tubali, a yi sabo da siminti, ya bushe, sannan a shafa. Na ji kamar na ci jarrabawa. Na kira Yaya na bayyana masa, ya ce akwai wani tsohon magini a Tsafe da ya yi masa rumbu, zai turo shi.

Maginin dogo ne siriri, gemunsa fari, hularsa ta sha siminti har ta tsaya da kanta. Ya gaida Inna da ladabi, ya shiga kicin, ya karce bango da farcensa, ya shinshina.

"Wa yac ce ku shahwa henti bisa wanga?"

Na ce dillali ne.

"Dillali! Shi da bakinai kaɗai yaka gini." Ya sake shinshinawa. "Hajiya, wanga bango in anka matsa shi ana samun kwalba biyu ta mai, har da na miya. Ki bar min shi in kai gida, iyali su huta da saye."

Inna ta yi dariya har ta riƙe ƙofa. Na daɗe ban ji ta yi irin wannan dariya ba. Sannan ta tambaye shi kwana nawa aikin zai ci.

"Kankara kwana ukku. Yaɓe biyu. In Allah ya ba mu rana, mako biyu kun gama da shi har henti. Kuma ba ya ƙara hitowa, ko jikokinki ba su ganinai."

Dariyar ta tsaya. Ta ce to, Allah ya kai mu, ta koma gindin darbejiya.

Da ya tafi sallah ta kira ni. Tana juya tunkuza a kasko, ba ta dube ni ba.

"Auta, mi ne na sauri? A ƙara gwada hentin sau ɗaya mana. Ko a bari damina ta wuce, yaɓen siminti ba ya son ruwa."

"Inna, ya ce zai bushe."

"Bangon ga uban ku yay yi shi da hannunai, shekarar da anka haihi Yayanku. In anka kankare..."

"To ai sayarwa za a yi!" Na ji muryata ta ɗaga, ban iya mayar da ita ba. "Har yaushe za mu zauna muna shafa wa baƙi hoda? Kowa yana jira. Yaya yana jira, ni ma ina so in san inda rayuwata ta dosa. Ke kaɗai ce ba ki gaji ba."

Ta ci gaba da juyawa. Man ya fara tsattsafowa a gefen tunkuzar, ta kwashe shi da ludayi a hankali, ta zuba a kwano. "Haka ne," ta ce. "Ni kaɗai ce."

Saura kuɗin siminti da yashi da ladan magini. Awaki sun ƙare. Ni ce na kawo shawarar, kuma har yau in na tuna yadda na faɗe ta cikin sauƙi sai in ji bakina ya yi ɗaci. Na ce ai a Tsafe ba za ta yi tuya ba, matar Yaya da gas take girki, ba wurin hura itace a gidan. Babban kaskon ƙarfe da turmin nan mai nauyi da tukwanen mai, duk wahalar ɗauka ne kawai. A sayar wa matar bayan layi da ta fara sana'ar, ta daɗe tana sha'awarsu. Inna ta ci gaba da tsince gyaɗarta kamar ba ta ji ba. Washegari da hantsi na ga ta wanke kaskon da toka, ta goge shi ciki da baya, ta shafa masa mai kaɗan don kar ya yi tsatsa a hannun sabuwar mai shi. Da aka zo ɗauka ta shiga ɗaki.

Kwana uku gidan yana amsa ƙarar kankara. Ƙar, ƙar, ƙar, daga hantsi har la'asar. Yaɓen yana faɗowa ɓawo-ɓawo, fari a sama, baƙi a ƙasa, kauri kamar tafin hannu. Maginin yana aiki yana surutu, ya ce ga shekarar da aka soya gyaɗa mai kyau, ga shekarar da aka yi da ɗanyen itace. A cikin alkukin fitila ya tono wani ɗan kunne guda da ƙaramin cokali, ya miƙo mini. Na kai wa Inna. Ta juya ɗan kunnen a tafinta, ta ce ta neme shi har ta zargi wata baƙuwa, Allah ya yafe mata, matar ta rasu tuni. Ta ƙulle shi a bakin zane. Alkukan biyu aka cike su da siminti, domin na ce bango ya fi kyau a miƙe.

Rana ta buɗe kamar da gangan. Yaɓe ya bushe, aka shafa fenti, na sa aka kafa katakona, na jera kofuna uku a kai. Mako guda ina shiga kowace safiya ina duba saman inda murhu yake a da. Babu komai. Fari, shiru, ba ƙamshin komai sai na siminti. In ka yi magana a ciki muryarka tana dawo maka.

Na jawo Inna ta gani. Ta zo har bakin ƙofa ta tsaya, ta cire takalmi kamar za ta shiga ɗakin surukai, amma ba ta shiga ba. Ta kalli sama, ta kalli inda alkuki yake a da.

"Ya yi kyau," ta ce. "Kin iya, Auta. Kin gama shi."

Na ɗauka yabo ne. Na rungume ta.

Kwana tara bayan haka aka sayar da gidan. Dillali bai ma kai ga kawo masu waya da idon matansu ba. Alhajin da shagonsa yake jingine da katangarmu ta titi, wanda muka sani tun muna yara, shi ya aiko ya ce yana so. Ya zo da mutum biyu da igiyar awo, suka auna daga waje, suka auna tsakar gida. Na yi ta zagaye kusa da su har na samu na ce, "Alhaji, ba ka ga kicin ba, sabon gyara ne." Ya leƙa daga inda yake tsaye, ko sunkuyawa bai yi ba. "Madalla, madalla, ɗiyata. Allah shi yi albarka." Ya koma ga igiyarsa. Kuɗin da ya bayar Yaya ya ce ba laifi, dillali ya ce kun gani, na faɗa muku fari yana magana, ya karɓi la'adarsa.

Ranar tashi kuɓewar Inna ta fara fure. Aka loda gado da akwatuna da katifu a bayan mota. Ta nuna duwatsun murhu a gindin darbejiya ta ce a sa mata. Direban ya ce mota ta yi nauyi. Yaya ya yi dariya, ba da mugunta ba, ya ce, "Inna, Tsahe za mu hwa. In duwatsu kike so, garin duk duwatsu ne, sai kin zaɓa." Kowa ya yi dariya, har da ni. Ta shiga gaban mota ta gyara mayafi. Ba ta waiwaya ba, ni ce na waiwaya, kuma kicin na kalla, ina jin haushin ban samu na girka ko shayi a cikinsa ba.

A Tsafe ba wanda ya wulaƙanta ta. Ɗakinta yana da silin da fanka, matar Yaya mutuniyar kirki ce, ba ta bari ta ɗaga ko cokali, kullum sai ta ce Inna ki huta, kin yi naki. Ta huta. Takan zauna a bakin ƙofa tana kallon dutsen da ke bayan gari, hannuwanta a kan cinya, tafin a sama, kamar tana jiran a ɗora mata wani abu. Tana tsoron gas, ko kusa da shi ba ta zuwa. In na zo hutu daga makarantar da na samu koyarwa, sai in rungume ta in ji tana ƙamshin sabulu. Sau ɗaya na sayo mata ƙuli a tasha, ta gutsura ta ce an bar mai da yawa a ciki, mai yin tana sauri. Ba ta kai shekara biyu a can ba Allah ya yi mata rasuwa.

Tun tana da rai na bi ta layinmu na Gusau sau ɗaya, a kan babur, ban yi niyya ba. Babu zaure, babu darbejiya. Shaguna shida ne a jere da ƙofofin ƙarfe. A inda kicin yake ana sayar da kayan waya. Na ce wa mai babur ya wuce. Ban faɗa mata ba, ina ganin ina kare ta daga baƙin ciki. Na yi ta cizon yatsa a kan awaki biyu da kasko, ina tsine wa dillali a zuciyata, ina ganin iyakar asarar ke nan.

Shekara huɗu bayan rasuwarta na je suna a Bungudu, gidan dangin Inna. Cikin taron mata wata dattijuwa ta kamo hannuna ta zaunar da ni kusa da ita. Hajiya ce, matar Alhajin da ya sayi gidanmu. Ta yi mini ta'aziyyar da ba ta samu yi ba, ta yi ta yabon Inna, ta ce har yau ba ta sake cin ƙuli irin nata ba. Sannan ta ce abu ɗaya ne ya ɗaure mata kai, wahalar da muka sha a kan kicin ɗin nan.

"Ina jin ƙarar kankara ta katanga ina cewa, waɗanga bayin Allah mi suka yi haka? Ai tun ranar da Innarku ta hita takaba Alhaji ya aike ni wurinta. Nic ce mata hili kaɗai yaka so, rushewa za ya yi shi gina shaguna, kar ku taɓa komi, kuɗinai na nan a aje, ko gobe kunka shirya. Kuɗin da ya ba ku daga baya, su ne dai na ranar, bai ƙara ko sisi ba."

Na ce ba mu taɓa jin wannan saƙo ba.

Ta dube ni, ta saki hannuna a hankali. Ta ce sau uku tana komawa. Kowane zuwa Inna takan ba ta ƙuli a leda, ta raka ta har zaure, ta roƙe ta kar Alhaji ya yi wa Yaya magana tukuna. Takan ce yara suna gyaran kicin, a bar su su gama, bangon yana da taurin kai, zai ɗauki lokaci.